Tabon da Ya Ƙi Gogewa a Fuskar Mushtari

Har gobe ba na mantawa da ranar da aka kusa mayar da madubin hangen taurarinmu cikin akwati saboda wani baƙin tabo. Ku ƙannena da za ku karɓi makullin ɗakin gwaje-gwaje daga hannuna, gara ku ji labarin kafin ku fara share-share.

A watan Yulin 1994 ne, ina aji biyar, ni ce monitar ɗakin. Ina jin an ba ni aikin ne don ba ni da surutu, ba na kuma fasa kwalba. Aikin monita shi ne sharewa, da jera kaya, da goge gilasai. Gilashin madubin kuwa yana da ƙa'ida: a fara hure shi, a bi shi da ɗan buroshi mai laushi, sannan ƙyalle. Ba a taɓa shi da yatsa, balle bakin ɗankwali.

Daga Legas aka kawo madubin, lokacin da ake ta kwaso ma'aikatu zuwa Abuja. Ya zo cikin akwatin katako tare da malamar kimiyyarmu, Misis Ajayi. Danshin can ya sa yawancin gilasan da suka taho tare sun yi fumfuna, shi kaɗai ya tsira.

Lokacin gidan ma'aikata wuya yake, a Gwagwalada wani a ofishinsa ma yake kwana. An turo mana wani akawu da matarsa da goyo, babu inda za a sa su. Sai Malam Tanko, mataimakin shugabar makaranta, ya ce a kwashe siton ɗakin gwaje-gwajenmu, inda madubin yake, a ba su. Madubin kuma a rufe shi a akwati a kai babban sito, inda rufi ke yoyo. Duk abin da ya shiga can, sai dai labari.

Misis Ajayi ba ta yi musu a kan ɗakin ba. Alfarma ɗaya ta roƙa. Ta ji a rediyo cewa wani tauraro mai wutsiya ya farfashe, gutsattsarinsa suna faɗawa Mushtari, babbar duniyar nan da ta fi duk masu zagaya rana girma.

"Oga, ka zo ka duba sau ɗaya," in ji ta. "In ba ka ga komai ba, ni da kaina zan buga wa akwatin ƙusa."

Da la'asar aka yi ruwa, gari ya washe. Bayan Magariba muka kafa madubin a filin ƙwallo, ciyawa tana jiƙa mana ƙafa. Malam Tanko ya iso da carbi a hannu, hularsa a karkace. Ya duƙa, ya rufe ido ɗaya.

"To, ga wani ƙwai mai zane biyu. Wannan baƙin abin a gefensa fa?" Ya ɗago. "Fumfuna ce. Ai na faɗa muku. Ke monita, haka kike goge kayan gwamnati?"

Na san na goge, amma na ce a raina bari in ƙara. Na zaro ƙyalle na miƙa hannu, sai Misis Ajayi ta riƙe ni. Hausarta ba ta san mace da namiji ba.

"Ladi, kada ka goge. Sa ido tukuna. Yanzu juya ƙaramin gilashin a hankali. Faɗa wa Oga me ka gani."

Na sa ido. Mushtari tana can fes, launin madara, da zane biyu kamar an ja mata gawayi, da watanninta ƙanana a jere kamar ƙwayar gero. Kusa da gefe ga tabon, baƙi, da wata inuwa a bayansa kamar idon da aka naushe. Na juya gilashin. Wani ɗan zaren gashi da ban lura da shi ba ya zagaya tare da hannuna. Tabon kuwa ko motsi.

"Bai juya ba, Malam," na ce. Ni kaina da ƙyar na ji muryata.

"Ba shakka. Fumfunar Legas ai taurin kai gare ta," in ji Malam Tanko.

"Oga, dattin gilashi yana bin gilashi," in ji Misis Ajayi. "Wannan ƙura ce, amma ba tamu ba. Can take."

Ta yi mana bayani. Abin da ya faɗa ya zo da gudun da ya sa iskar saman Mushtari ta yi zafi har ta ɗauki lantarki, irin iskar da ke cikin walƙiya, ana ce mata filazma. Wutar ta yi tsiri sama, ta dawo, ta bar ƙura tana shawagi a bisa gajimare. Faɗin tabon nan, in ji ta, zai iya haɗiye duniyarmu.

Malam Tanko ya sake duƙawa. Ya juya gilashin da kansa, hagu, dama. Na lura yatsunsa sun daina jan carbi. Sauro ya sauka a wuyansa bai kore shi ba. Kafin kiran Isha'i tabon ya matsa daga gefe zuwa ciki, don Mushtari tana juyawa da shi, mu kuma muna tsaye muna gani.

"Subhanallahi," ya ce a hankali. "Muna nan muna rigimar ɗaki."

Washegari an ba akawu sito, don goyo ba ya kwana a fili. Amma madubin bai shiga akwati ba. Malam Tanko ya sa aka fitar da kujerar baƙi daga ofishinsa aka ajiye shi a gurbinta, ya miƙo mini makulli na biyu, na ofishin nasa.

"Ke, mai maganar sauro," ya ce, "duk ranar da gari ya washe ki zo ki faɗa mini. Da ƙarfi."

Shi ya sa makullan da za ku karɓa biyu ne. Aikinmu goge-goge ne, kuma in an ga datti mu ake fara kallo. Amma da na goge a ranar, tabon ya ƙi fita, da an ce fumfuna ta ci gilashin, an buga ƙusa. Saboda haka kafin ku zaro ƙyalle, ku sa ido ku juya gilashin tukuna.