Ƙullin Inna da Na Kusa Kashewa

Ni bazawara ce a lokacin, ƙuruciya ba ta gama sakina ba. Mijina ya rasu da zazzaɓin damina, na gama takaba na tattaro 'ya'yana biyu na dawo gidanmu, a wani ƙauye na bakin fadama tsakanin Auyo da Haɗeja. Ban shekara ba Inna ma ta bi shi, Allah Ya jiƙansu. Ba ta bar mini saniya ko gona ba. Murhun bandar kifi ta bar mini a bayan ɗaki, da kuma ƙullinta. A wajenmu kowace mai banda tana da irin ƙullin kabar da take ɗaure bakin kwandonta da shi, don fatake su san hannun da ya yi aikin ko sun kai Kano. Na Inna mai kunne biyu ne da jela tsagaggiya. Akwai wani dattijon bafatake da muke ce wa Baba, wanda ke zuwa da jakunansa duk lokacin da ruwa ya janye. Tun ina goye yake ɗaukar kifin Inna. Kwandon kowa sai ya zazzage shi a tabarma ya duba, amma in ya ga wannan ƙulli sai ya ɗora wa jaki kawai, ya yi bisimilla.

To ni Allah Ya yi ni da zafin hannu, ga son a yaba, ga bakina bai iya furta a'a ba. Da na ga ni kaɗai ce da bakuna biyu a gabana, sai tsoron yunwa ya kama ni, na shiga kama duk abin da ya gifta. Ina banda, ina turara shinkafa in yi gumi, ina kaɗi, ina kitso, ina dafa daddawa, har kanwa nake sara wurin mutanen Barno ina kasawa a ƙofar gida. Wadda ta yi sallama da buƙata ba ta fita hannu rabbana. Tsakar gidana kuwa ba a magana: ga auduga kusa da hanjin kifi, ga shinkafa shanye a kan keson da nake rufe banda da shi. Wani masaƙi ya taɓa maido mini da zarena, wai ƙarni yake yi, in ya saƙa zane da shi kyanwa ce za ta riƙa bin mai shi. Mata suka yi ta dariya, ni ma na taya su. Daga asuba har faɗuwar rana ban san zama ba, kuma duk da haka tuwonmu bai taɓa ƙara kauri ba. Amma in aka ce kai, wance akwai himma, sai in ji kaina ya kumbura.

A shekarar da abin ya faru, ruwa ya janye da wuri, kifi ya taru a tafkuna har yara na kama shi da hannu. Duk masuncin da ya kawo sai in karɓa. Ban tsaya na dubi itacena ba, wanda bai kai ya kawo ba, don lokacin da ya kamata in tara shi ina can ina kitso gida-gida. Duk mai banda ta san karfasa da tarwaɗa ba sa hawa wuta ɗaya. Karfasa siririya ce, nan da nan take bushewa. Tarwaɗa kuwa mai ce da ita, sai an bi ta da wuta a hankali, ana juyawa, har ruwan cikinta ya ƙare. Na sani sarai, a gaban Inna na tashi. Amma na haɗa su, don murhu ɗaya ne kuma kifi na neman lalacewa. Ina cikin haka aka aiko wai ana biki a unguwar gabas, ƙawayen amarya suna jirana. Na ji kunyar ƙi, na bar wuta na tafi. Da na dawo ta mutu. Na hura ta da kara da busasshen kashin shanu, ta tashi fuu, ta ƙona bayan kifin ya yi baƙi wuluk, mai kyan gani.

Abin da har yau nake jin nauyinsa shi ne, na sani. Da na ɗaga kwandon farko na ji ya fi na Inna nauyi, kifin da ya bushe kuwa ba ya nauyi. Zuciyata ta ce maida shi wuta. Sai na ji kukan jakuna a bakin gari. Na jawo kaba na yi ƙullin Inna, kunne biyu da jela, a kan kowane kwando. Baba ya zo, ya yi mini ta'aziyya, ya yi wa Inna addu'a, ya ɗora kaya bai buɗe ko ɗaya ba.

Kafin wata ya zagayo ya dawo. Bai karɓi tabarmar da na shimfiɗa masa ba. Ya ciro wani abu daga aljihun taguwarsa ya ajiye a ƙasa gabana, sai na ga ƙullin ne, an yanke shi da wuƙa. Ya gaya mini tun a hanya ƙudaje suka fara bin jakunansa, bai yarda ba, ya ce ai kayan gidan nan ne. Sai da ya isa Kano, a gaban mutumin da ya daɗe yana saye a hannunsa, aka buɗe, tsutsa ta zubo. Ya ce ba kuɗinsa ya zo nema ba, ya yafe albarkacin mai rasuwa. "Innarki ba ta taɓa sa na ji kunya ba, 'yar nan," in ji shi. Ya ce baɗi zai zo sau ɗaya, zai buɗe kowane kwando, in ya sami ko kifi ɗaya mai ɗanyen ciki zai shaida wa ayari cewa ƙullin nan ya bi mai shi kabari. Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Na zauna nan na yi kuka har yarana suka taya ni.

Labari ba ya kwana a fadama. Ba a jima ba sai ga Gwaggo, yayar mahaifina, ta hayo kwalekwale daga Auyo da ɗan ƙunshinta. Gwaggo tabarma take saƙawa, tabarma kaɗai, tun kafin a haife ni, kuma ban taɓa ganinta tana gudu ko tana roƙo ba. Na zaci faɗa za ta rufe ni da shi, har na shirya amsoshina. Sai kawai ta sami gindin tsamiya ta zauna da kabarta, tana saƙa tana kallona ina kai gwauro ina kai mari. Kallon nan ya fi duka ciwo. Sai da ta kwana biyu a haka, ran nan na zo wucewa da tukunyar daddawa a ka, mazari a hannu, wata kuma na jirana da kai a tsefe, ta ce in sauke in zauna.

"Da na sauka a mashigi na tambayi gidan mai banda," in ji ta. "Aka ce mini wacce? Ko mai kitson nan nake nufi?"

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan sanyi. A zamanin Inna ko baƙo ya ce gidan mai banda, nan za a nuno masa.

Ta sa na fito da kayan kowace sana'a tsakar gida, ta ɗauki tsinke ta ja layi a ƙasa. Ta ce abin da ke ciyar da ni in sa shi dama, abin da ke cin ƙarfina ya bar ni da na gode in sa shi hagu. Ta riƙa tambayata ɗaya bayan ɗaya, wannan me ya taɓa kawowa cikin tukunya? Kitso na gode ne da ɗan goro. Kanwa rabinta maƙwabta ke ɗiba da sunan ɗanɗano. Daddawa da gumi suna cinye itacen da ya kamata ya tafi banda. Da muka gama, murhun banda ne kawai a dama, sai mazarina da ta ɗauka ta ajiye a kan layin. Ta ce wannan na damina ne, lokacin da ruwa ya cika kifi ya bazu. Na yi tsalle na dire, na ce so take 'ya'yana su kwana da yunwa, ita da ba ta san zafin maraici ba. Har yau ina jin kunyar wannan magana. Ta bar ni na gama, sannan ta ce taura biyu ba ta taunuwa, ni kuwa na cusa shida a baki ina mamakin abin da ya shaƙe ni.

Daga nan ta bi shekarata ta shimfiɗa ta yadda take shimfiɗa tabarma. Damina ta kaɗi ce. Da ruwa ya tsaya da hauhawa, sai tara itace, bagaruwa da giyayya, a jera su a bushe kafin kifi ɗaya ya shigo gida. Da hannunta ta kwaɓa ƙasa muka gina murhu na biyu, ɗaya na tarwaɗa, ɗaya na karfasa. Ta sa na zaɓi masunta biyu masu kawo kifi da ransa, na sallami sauran da girma da arziki. Ta ce itace ke sayen kifi, ba ido ba. Ranar da wuta ke ci kuma ba na fita ko'ina, sai dai mutuwa. Ta kifa turmi a bakin zaure ta ce duk wadda ta gan shi a kife ta san mai gida na bakin wuta. Ƙullin Inna kuwa ta ɗauki yankakken nan ta rataye saman murhu, inda idona zai riƙa faɗawa kansa.

Mata suka ce na yi girman kai. A nan na san ko wace ce Gwaggo. Ta san fuskata ba ta iya ɗaukar fushin mutane, sai ta ɗauke mini. Ta koma bakin zaure da saƙarta, duk wadda ta zo sai ta ce ita ta hana, wadda ke da magana ta yi da ita. Suka sa mata suna tsohuwa mai turmi, har habaici ake mata a bakin rijiya. Ko a jikinta. Tana dawowa ciki sai ta kwaikwayi tafiyar mai habaicin, mu yi ta dariya.

Ranar da ba zan manta ba, wani masunci da ba nawa ba ya sauke mini tarwaɗa manya-manya, suna motsi, ya ce in ba da abin da ya sawwaƙa. Murhuna biyu a cike, itacen da ya rage na waɗanda ke kan wuta ne. Yawuna ya tsinke. Na waiwayi Gwaggo don ta hana, sai ta duƙar da kai kan tabarmarta kamar ba ta wurin. Na dubi itace, na dubi yankakken ƙulli, na ce wa mutumin ya yi haƙuri ya gwada gaba. Ya kwashi kifinsa ya tafi, sama kuma ba ta faɗo ba.

Da aka fara jin ƙishin-ƙishin zuwan ayarin fatake, Gwaggo ta ɗaure ƙunshinta. Na roƙe ta ta tsaya ta ga zuwan Baba. Ta ce in tana nan za a ce hannunta ne, ni ma zan ɗauka haka. Ta hau kwalekwale ta bar ni da murhuna.

Baba ya zo ya cika alkawari. Ya zazzage kowane kwando, yana karya tarwaɗa a tsakiya, yana shinshinawa, yana kaɗa ta kusa da kunne. Ni kuwa ina tsaye ina kallo. Bai sami komai ba. Bai yabe ni ba, ya ce in ɗaure, na ɗaure da ƙullin Inna. Shekarar da ta biyo ma sai da ya buɗe. A ta gaba ce ya shigo, muka gaisa, ya tambayi yara, ya sunkuya ya ɗaga kwando ya ɗora wa jaki, ya yi bisimilla. Na juya baya don kada ya ga hawayena.

Washegari na haye Auyo da wannan albishir. Na tarar da Gwaggo a gindin bango, idonta ya fara rauni, tana saƙa da lalube. Na zayyana mata komai, ina jiran ta ce madalla. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To, itacen baɗi fa?"

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya sa ta huta. Ba ta ba ni ko wuri ɗaya ba, ba ta kuma koya mini banda ba, don na fi ta iyawa. Zama ta yi ta dube ni har ta gane inda nake zubewa, ta ɗauki zagin gari a kanta har na koyi tsayawa da ƙafata. Yanzu da furfura ta cika mini kai nakan ga 'yan'uwana masu neman na kansu su kaɗai, suna ta gudu yadda na yi, suna ɗauka gajiya ita ce arziki. Ina roƙonku ku zauna ko da yini ɗaya ne, ku ja layin nan a ƙasa, ku dubi abin da ke ciyar da ku da abin da ke cinku. Kada kunya ta sa ku bar wutarku a kunne ku tafi hidimar wani, don ranar da tsutsa ta zubo, masu yabon himmarku ba sa wurin. Kuma in hannunku ya gaya muku kwando ya yi nauyi, kada ku ɗaure bakinsa, ko da jakuna na kuka a ƙofa. Ni rana ɗaya na yi haka, na kusa binne abin da uwata ta ƙare ranta a hayaƙi tana ginawa.

Yankakken ƙullin yana nan saman murhuna, ya yi baƙi da hayaƙi, 'yata ce ke banda a ƙarƙashinsa yanzu. In kun bi ta wajenmu, ku sauka a mashigi ku tambayi gidan mai banda. Ba wanda zai ce muku wacce.