Ƙauyen da Taswira Ta Ce Kogi Ne

Matso ka ga wata tsohuwa a ofishin gundumarmu. Zanenta ya koɗe, ƙafarta duk lakar kogin Jamuna, da alama daga kwalekwale ta sauko. Taswirar Turawa ta nuna ƙauyensu a tsakiyar ruwa, alhali kogin ya kauce tuntuni. Shi ya sa masu ƙidaya suka tsallake su, kuma ba ƙidaya ba makaranta.

Akawu na dariya, yana kiranta Khala, wato inna. "Khala, a takarda kifaye ne ke zaune can."

Ta kwance ƙullinta, ta zazzage masa shinkafa a tebur. "Kifin ne ya noma wannan, ɗana? Mu ɗari uku ne. Rubuta!"

Ta zauna daram a bakin ƙofa. Kai, wa kake ganin zai fara gajiya?