Ƙarfe Biyun Oga Pam

Jiya na shigo gida da doya da manja, ina jiran yabo. Maman Joy ta leƙa mota ta ce, "Ina yaran?"

Na manta su a makaranta. Ni da boko ya kayar tun aji uku, ga shi ɗauko 'yan bokon ma na faɗi.

A bakin get na tarar da Joy ɗina da Kaneng, autar marigayi Oga Pam mai shagon taya a Tina Junction. Mutumin nan, ƙarfe biyu na yi yake rufe shago, ko wa ke jira. Ya ɗauko yaransa, ya haɗa da tawa.

Wata rana na ce, "Oga, haka za ka bar ni da taya a kwance?"

Ya ce, "Ɗan'uwa, taya ba ta kuka. Yarinya kuwa idan kowa ya watse, tana yi."

Jiya kowa ya watse. Kaneng ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Ankal, Baba ba ya latti."

Ranar da muka binne shi na yi wa matarsa alkawarin ɗauko Kaneng kullum. Saura shekara huɗu ta gama firamare.

Jama'a, duk wanda ya gan ni ina surutu ƙarfe biyu saura, ya kore ni. Allah ya ji ƙan Oga Pam.