Fuloti a Cikin Teku

Shekarar da aka saka ni cikin kwamitin da ke tsara dokar rabon teku, Babanmu bai bar kowa ya huta a unguwarmu ta Gyaɗi-Gyaɗi a Kano ba. Aikin dai shi ne a shata inda manyan jirage za su bi, inda za a haƙo mai, da inda masunta za su jefa taru. Ni kuwa ƙaramin ma'aikaci ne, kujerata ma tana bakin ƙofa. Amma a bakin Baba, ɗansa ne ke raba teku.

Da na zo hutu, bayan la'asar ya ja ni majalisarsu ta ƙofar gida. Mutumin Kano in ya ji rabo, fuloti yake ji. Wani Alhaji mai shago a kasuwar Tarauni ya ce in ajiye masa biyu, amma na kan kwana. Aka yi ta dariya, ni ma na biye musu, har da alkawarin awo. Baba sai shafa gemu yake, ni kuma kunya kamar in nutse.

Akwai wani dattijo a gefen tabarma da bai yi dariya ba. Bandar kifi yake sayarwa a Unguwa Uku, ɗansa ne ke kama kifin a bakin teku yana aiko masa a mota. Da shi suke ci, su da jikoki. Ya faɗi sunan mashigar ruwan da ɗan yake su a cikinta, ya tambaye ni ko tana cikin rabon masunta. Na san wurin. A taswirarmu an riga an ba jiragen dakon kaya ita, kuma ranar da aka yanke haka ba wanda ya nemi jin bakina.

Na fara kame-kame, ina cewa ai ba a gama ba tukuna. Sai ya latsa waya ya miƙo mini, wai ɗan ya ji daga bakin mai abin. Muryar ta fito kowa yana ji, ga ƙugin ruwa a bayanta.

"Yaya, an ce za a tashe mu. Taruna ya mutu. In ɗinka sabo, ko in dakata?"

Na dubi Baba, ya gyaɗa mini kai yana murmushi, yana jira in nuna isa.

Na ce, "Ka dakata."

Dattijon ya karɓi wayarsa, ya ce Allah ya yi mini albarka da ban ɓoye ba, ya laluba takalmansa. Sannan ya juya wajen Baba ya ce, "Malam, ai sai ka sa baki, tunda ɗanka ne mai rabon."

Baba ya sunkuyar da kai, ya ce to.