Neman Bado a Unguwar Boro

Mun tashi da asuba, ko in ce ni na tashi, domin yaran nan uku sai da na yi ta jan su kamar buhunan masara. Abin da ya fitar da mu daga Makera ranar Asabar ɗin shi ne ɗan filin da ya rage a tsakar gidanmu, wanda bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Maigidan ya ce damina na wucewa zai sa a zuba masa siminti, tunda ni kaɗai ke wahala da shi, yaran kuwa kullum idonsu na kan wayata. Ni a bakin fadama na girma, ba na son 'ya'yana su tashi suna zaton cikin leda tumatir ke tsirowa.

Na ji labarin wata mata a Unguwar Boro mai sayar da furanni, wai tana da kududdufi cike da bado. Tun muna yara kakarmu ke nuna mana shi tana cewa, ku dubi asalinsa, cikin taɓo yake, amma ya fito fari fat, haka ake son ɗan mutum. Na ce to su ma su je su gani da idonsu. Sai dai farin bado da dare yake buɗewa, rana na ɗagawa ya rufe, shi ya sa na matsa a fita da wuri.

Neman takalmin autar ƙafa ɗaya ya fara cinye mana lokaci. Mai keken da muka samu kuma bai ce ba shi da mai ba, sai da muka wuce Kakuri ya karkata da mu gidan mai, ya shiga layi muna zaune a ciki. An yi ruwa a daren, duk ramukan titi sun cika, ba a gane mai zurfi sai an faɗa. A unguwar Television ɗan tsakiyar ya ce yunwa, na tsaya wajen mai ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance kamar goro, kuɗinsa ne kawai ya yi ƙiba. Daga nan muka shiga bas ta Sabo, kwandasta yana ta ihun saura mutum ɗaya, mutum ɗayan nan har rana ta fito bai zo ba.

Da ƙyar muka isa. Matar 'yar kudancin Kaduna ce, doguwa, sanye da takalmin roba har gwiwa. Tana jin abin da ya kawo mu ta yi dariya.

"Hajiya, kin makara fa. Sun tafi barci."

Haka ne kuwa. Ganye ya rufe ruwan, furannin duk sun dunƙule kamar hannun marowaci. Raina ya ɓaci, amma na ce ba zan koma da wa'azina a ciki ba. Na jera yaran a bakin kududdufin, na fara bayanin taɓo da fari da tarbiyya. Babbar ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Umma, to ai shi ma barcin safe yake yi, ba wanda ya tashe shi."

Ban kai ga ba ta amsa ba na ji tsulum. Ɗan tsakiyar ya hango 'ya'yan kwaɗi, ya miƙa hannu, santsi ya kwashe shi har ƙugu, da shaddarsa ta Sallah. Autar ba faɗawa ta yi ba, da ƙafarta ta bi shi. Na buɗe baki zan yi faɗa, matar ta ce in bar su, wanda ya riga ya jiƙe ba ya tsoron ruwa. Ta nuna musu yadda za su bi kara da hannu har su taɓo saiwa. Ta tsinko ɗan bado ta fasa, ga ƙwayoyi ƙanana kamar gero. Na zuba a baki, sai ga ni a fadamar garinmu, har na ɗan manta da fushina. Ina waigowa na ga babbar, wadda ko shara ba ta yi sai da ɓata fuska, ta durƙusa tana tambayar matar sau nawa ake ba barkono ruwa.

Dawowar ce ta fi ban haushi. Mun taho da bokiti cike da laka da saiwar bado, da wasu baƙi masu wutsiya da ban san an saka ba. Bas biyu suka ƙi ɗaukarmu. Mai keken da ya yarda sai da ya shimfiɗa wa yaran buhu, kuma kowane rami muka faɗa ruwan bokitin a zanena yake ƙarewa.

Maigidan ya leƙa bokitin, kalma ɗaya ya faɗa: sauro. Na shiga na ɗan kwanta. Kafin la'asar yaran sun haƙa rami a tsakiyar filin, sun tumɓuke mini na'a-na'a da yakuwar da na yi wata da watanni ina reno, sun binne tsohon bahon wankina a ciki. Na fito da niyyar kai ƙara wajen ubansu, na tarar shi ne riƙe da shebur, suna gaya masa inda zai ƙara zurfi. Maganar siminti dai ba ta sake tashi ba.

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, yaro ba ya son lambu don an yi masa bayani, sai ya ɓata kayansa a ciki. Badon har yau ganye kawai ya fitar. Baƙin nan kuwa sun yi ƙafafu, sun kuma yi murya. Jiya maƙwabciyarmu ta aiko a tambaye ni ko kiwon kwaɗi muka fara, in haka ne wai a rage musu sauti.