Hoton Hikima a wayar baƙuwa

'Yan uwa, ku ji abin da ya same ni. Saura ƙiris yau a tafi min da 'yata Hikima!

Ina cikin wanki da azahar, Madam ɗin makarantarsu a Maamobi ta kira ni. Ta ce, "Maman Hikima, ke kika aiko ƙanwarki ta ɗauki yarinya?"

Na ce, "Wace ƙanwa? Ba ni da ƙanwa a Accra!"

Na fita a guje, ko mayafi babu. Kafin in iso, matar ta hau trotro, motar haya, ta ɓace ita kaɗai, don Madam ta ƙi ba ta yarinyar.

Madam ta ce matar ta san sunan Hikima, har hotonta ta nuna a waya. Na ce wane hoto? Ta ce wanda take cikin yunifom, riƙe da ledar koko a bakin get.

Innalillahi! Ni na ɗauke shi ranar da ta fara makaranta, na sa a status. Sunan makarantar yana nan ɓaro-ɓaro a ƙirjinta.

Kuma ba mai ganin status ɗina sai wanda na ajiye lambarsa da hannuna. Wanda ya tura mata, na san shi, ya san ni. Wa zan tambaya?