Hotunan Shanun Baffa Juli

Runka

Ni mai ɗaukar hoto ne a Runka. Tun da satar shanu ta yi ƙamari, makiyaya kan kira ni ruga in ɗauki dabbobinsu ɗaya bayan ɗaya, don in an ƙwato su a san na wane ne. Duk hotunan suna cikin tsohuwar laftof ɗina. To, ranar da aka ce an ƙwato shanu an tsare su a Safana, kuma Laraba za a miƙa wa duk wanda ya kawo shaida, ranar ce 'yar banzar ta ƙi tashi. Sai ƙas-ƙas take yi daga ciki kamar ɓera a rumbu.

Da na ce zan kai ta Batsari wurin mai gyara, Baffa Juli, dattijon da aka kore wa garke kaf, ya ce ƙafata ƙafarsa. Ranar Talata muka yi asuba, muka zauna bakin masallaci har gari ya yi haske, don yanzu ba mai hawa hanyar Batsari da duhu. Muka samu a-kori-kura mai buhunan dawa. Direban ya ga yadda na rungume jaka ya ce, "Malam, jariri ne?" Na ce, "Mara lafiya ne, ka bi ramukan nan a hankali, don Allah." Ina! Ko a jikinsa.

A shingen 'yan sa-kai aka sa na buɗe jakar. Ni suka sallame ni nan take, amma Baffa sai da suka yi masa tambayoyi har raina ya ɓaci. Shi kuwa bai ko ɗaga murya ba.

Batsari

Da hantsi muka isa shagon Sagir mai gyara. Bayan an gaisa ya kara kunne jikin kwamfutar, ya girgiza kai.

"Nasiru, faifan ajiyarka ya gama yawo. Sabo zan sa maka, irin wanda ba ya juyawa, in zuba maka manhajojin aikinka. Amma tsohon nan, in ya yarda ya buɗe, sau ɗaya zai buɗe. Me zan fara kwashewa?"

Wallahi, a ciki akwai hotunan aikina na shekaru, har da na sunan 'yata. Na dubi Baffa, yana zaune a benci ya dafa sandarsa. Na ce, "Fara da shanu."

Sagir ya tayar da janareta, ya jona tsohon faifan da wata 'yar waya. Wani koren layi ya fara rarrafe a allon. Baffa ya leƙa ya ce, "Yaro, yanzu shanun ne ke ƙaura?" Sagir ya ce, "Su ne, Baffa, zuwa sabon mashaya." Dattijon ya yi 'yar dariya, karo na farko tun da muka baro gida.

Muka ci waina, muka yi azahar, layin bai kai rabi ba. Dab da la'asar shanu suka gama hayewa. Sagir ya juya kan nawa hotunan, faifan ya yi ƙas sau biyu, ya yi tsit. Shi ke nan. Na ji zafi ƙwarai, ba zan ɓoye ba, na fita waje na ɗan tsaya. Muka kwana a zauren wani abokin Sagir, wanda ya kawo mana tuwon dawa da miyar kuka, ya kuma hana mu ko taɓa aljihu.

Safana

Washegari muka hau babur, muka ratsa Runka ba mu tsaya ba. Filin da aka tsare shanun cike yake da jama'a, kowa na nuni yana rantsuwa. Da layi ya zo kanmu na kunna laftof, ta tashi fes. Jami'in ya riƙa duba hoto yana duba saniya, ƙaho da tabo da tsagar kunne. Huɗu suka dace, aka rubuta wa Baffa. Sauran ba sa cikin waɗanda aka ƙwato.

Zan rufe kwamfutar sai ya riƙe mini hannu.

"Koma baya. Wancan na jar saniyar."

Na ce, "Baffa, ai ba ta nan."

"Ba ita ba. Mai igiyar."

A gefen hoton ga wani saurayi riƙe da igiya, rabin fuskarsa kawai ta fito, yana dariya. Ni saniya na saita ranar, ban ma kula da shi ba. Ashe Buba ne, ɗansa, wanda ɓarayin suka harbe ranar da suka kore garken. Bai taɓa ɗaukar hoto ba a rayuwarsa.

Baffa ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Nasiru, wannan za ta fitu a takarda?"

Runka

Kafin magariba muka iso gida lafiya, shanun na biye a ƙasa da jikokin Baffa da suka tarye mu a Safana. Na gode wa Allah, na gode wa Sagir da mai masaukinmu. Ban ko cire takalmi ba na buɗe shago, na yanke saniyar daga hoton, na ƙara girman abin da ya saura, na buga masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya sa a aljihun ƙirji, ya ce zai kai wa uwar yaron.